Ranar da Maigida Ya Girgiza Kwalbar Bature

Ana saura 'yan watanni a sauke tutar Turawa, Baturen ofishin su maigidana ya gayyace mu cin abinci a gidansa da ke Nassarawa. Maigida babban akawu ne, ni kuma ina koyarwa, mu biyun Kiristoci daga ƙasar Zazzau. Kowa ya san Baturen zai tafi gida, kuma kujerarsa na tsakanin maigidana da wani akawun. Saboda haka tun daga gidanmu a Tudun Wada maigida yake ja mini kunne: kada in yi dariya da ƙarfi, kada in sa hannu a miya. Na ce to, ai ba yau aka haife ni ba.

Na leƙa kicin in gai da kukun gidan, wani dattijo Bakatsine. Ya nuna mini wata kwalba a tsaye kan kabad, da leɓe ya nuna ta, don shi ko taɓa giya ba ya yi. Ya ce, "'Yata, kin ga wannan? Tun makon jiya take nan kamar mai jego. Ko tebur ba a ja kusa da ita, wai kada gurɓin da ya kwanta a gindi ya tashi."

Da muka zauna, Baturen ya ɗauko ta a hankali, ya cire murfi, ya ce a bar ta ta sha iska. Yana jin Hausa sosai. Ya ce jar giyar inabi ce, amma irin inabin da mutanensu suka raina, kamar yadda birni ya raina acca. Ya sha zuba wa Turawa 'yan uwansa, kowa ya kurɓa sai ya yatsine fuska. Wannan ce ta ƙarshe da ta rage masa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Sai ya miƙa wa maigida kwalbar don girmamawa. "Malam Akawu, kai za ka zuba mana."

To, maigidana da kunu da burkutu ya tashi. A garinsu abin kunya ne ka ba baƙo tsararo ka bar kauri a gindi. Kafin in taka masa ƙafa, ya toshe bakin kwalbar da babban yatsa, ya girgiza ta, ya juya, ya sake girgizawa, har kumfa ya taso. Kuku yana bakin ƙofa da tire, ya ja salati ya koma ciki. Fuskar Baturen ta fi giyar ja.

Maigida ya cika kofuna fal, yana murmushi. "Ranka ya daɗe, yanzu kowa zai sami rabonsa daidai."

Na ga kujera tana tafiya tana barin mu. Na ce a raina, in an riga an jiƙe, ba a tsoron ruwa. Na ɗauki kofina, giyar ta yi duhu kamar ruwan gulbi da damina, na shinshina yadda na ga Turawa suna yi, na kurɓa. Gari-gari ya cika mini haƙora. Amma bayansa akwai wani ɗanɗano da na sani.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ɗinya ce! Irin wadda muke tsinta muna yara, mai zaƙi-zaƙi da ɗan bauri, wadda ba a kai ta kasuwar birni."

Ba ƙarya na yi ba, shi ma ya gane. Ya kurɓi tasa, ya tauna abin da ya tauna, ya tambaye ni yadda ɗinya take. Idanunsa har da ƙwalla. Ya ce tun zuwansa ƙasar nan ba wanda ya tsaya ya ji abin da ke cikin kwalbar. Muka shanye ta tas, da gurɓin da komai.

Maigida ya sami kujerar. Ya yi ta ba abokansa labarin cewa shi ya koya wa Bature zuba giya, ina gefe ina gyaɗa kai. Har Allah ya karɓi abinsa bai san ɓarnar da ya yi ba. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya masa, sai in ga yadda yake girgiza hannu yana kwatantawa, in ce bari sai gobe. Yanzu ga labarin a hannuna, babu wanda zan tsokana da shi.