Gyaɗar da Na Shuka a Filin Ƙwallo

Filin ƙwallon kwalejin da ke bayan gidanmu, a kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, gonar surukina ce tun asali. Ina amarya na sha kai abinci cikinta, na yi roron gyaɗa a wurin da goyo a bayana. Da hukuma ta zo gina makaranta sai aka haɗa da ita, aka zagaye da katanga, aka kafa raga ɗaya gabas ɗaya yamma. Akwai wata ƙaramar ƙofa da aka bari ta wajen gidanmu, ta nan na yi shekaru ina kallon samari suna tattake ƙasar da na san abin da take iya haifarwa.

Shekarar korona aka rufe makarantu gab da azumi, ɗalibai suka watse. Jikana, ɗan babban ɗana, wanda ya tashi a ɗakina tun yaye, yana shekararsa ta ƙarshe a kwalejin. Shekara biyu ya yi yana zaman benci, sai a wannan karon malamin wasanni ya ce shi zai ja 'yan wasa a gasar kwalejoji. Ya kawo rigar gida yana ta juya ta, na karɓa na wanke masa don warin sito take yi. Ko bushewa ba ta gama yi ba aka ce kowa ya zauna gida.

Ruwa ya sauka, fili ya yi ciyawa har gwiwa. Na daure har aka yi ƙaramar salla, na ƙara daurewa kaɗan, sannan na aika a kira mani malamin wasanni, da yake gidansa na cikin makaranta. Na tambaye shi ko akwai ƙwallo bana. Ya ce rediyo ma ba ta sani ba, amma shi a ganinsa ba bana ba. Na ce to ƙasa irin wannan ba a barinta kwance da damina, alhaki ne. Ya je ya faɗa wa shugaban kwaleji, shi kuma ya ce gara gyaɗa da macizai. Ka ji yadda aka yi. Da izini na shiga, kada wani ya ce ba haka ba.

Na sa aka kawo garmar shanu daga wajen danginmu na Maska, aka yi huɗa. Na ce a ja kunya daga gabas zuwa yamma, daga wannan raga zuwa waccan, don haka surukina yake yi saboda yadda ruwa ke gangara. Jikana da kansa ya taya ni shuka, yana jefa iri yana rufewa da diddige. Na ce masa ƙafar nan yau dai ta yi aikin da za a ci. Ya ce in bari ya zama babban ɗan wasa, sai ya sake ni ya auro 'yar birni. Na ce wace 'yar birni za ta ɗauki mijin da bai iya wanke rigarsa ba. Haka muke da shi.

Gyaɗa ta yi kyau irin wanda rabona da gani tun ina da ƙuruciya. Ƙasar ta huta shekara da shekaru, ta kuma sha gumi. Ganye ya rufe kunya shar, fure ya fito rawaya ya zube, tsiro ya nutse ƙasa. Kullum da safe in na idar da lazimi sai in leƙa ta ƙaramar ƙofa, in kori awaki, in dawo.

Damina ta ja baya, aka ce a buɗe makarantu. Ban damu ba, na ɗauka karatu kawai za a yi. Sai ga malamin wasanni wata safiya tare da wani Alhaji daga kwamitin gasa, takunkuminsa har ƙarƙashin ido. Alhajin ya tsaya a bakin fili ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi malam ko dai gonar sashen noma aka kawo shi. Malam ya yi ta murza hannu.

Bayanin da suka yi mani shi ne, an daɗe ana gardama a kan ko a yi gasar bana ko a fasa, daga ƙarshe aka ce a yi, amma ba 'yan kallo. Don haka ba za a buga a filin gari ba, tunda ba shi da katanga, ba mai iya tare jama'a. Kowace kwaleji sai ta nuna filinta mai ƙofa. Wadda ba ta nuna ba cikin kwana goma, an cire ta sai baɗi. Gyaɗata kuwa tana son sati uku kafin ta ƙosa.

Na ce masu a'a, kuma ba don gyaɗa kaɗai ba. Da bazarar nan mun yi rashin tsofaffi a unguwa, wasu ko gaisuwa ba a bari mun je ba. Na ce wa Alhajin, samari ashirin da biyu su yi ta gogayya da gumi, su kafa baki a bokiti ɗaya, su tofar da yawu, sannan ɗaya daga cikinsu ya dawo ya sa hannu a kwanona, wannan wace irin dabara ce? Ya ce ai akwai dokoki a rubuce. Na ce ni ban yi karatu ba, amma na haifi maza na raini maza, ban taɓa ganin takardar da ta sa saurayi ya wanke hannu ba. Ya yi dariya a cikin takunkumi, ya ce kwana goma dai, Hajiya, ya shiga mota.

Jikana bai ce mani komai ba. Ya ci tuwonsa, ya yi mani sannu, washegari ma haka. Da ya yi rigima da na ji daɗi, don na iya rigima.

Rana ta uku na shiga gonar da sassafe na tumɓuke gindi ɗaya in gani. Na matsa ɓawon, ƙwaya ta yi rabi, fara, da ruwa-ruwa. Ina tsaye da ita a hannu sai idona ya kai kan wata 'yar hanya siririya da ta zagaye gonar gaba ɗaya, tsakanin kunyar ƙarshe da katanga. Ta daddale kamar daɓe, ko ciyawa babu. Na san ba sawun awaki ba ne. Ashe duk watannin nan da nake lazimi, yaron nan yana zagaye gonata a guje da ƙwallo a ƙafa, kuma ko gindi ɗaya bai taka ba. Na bi hanyar na duba da kyau, don ni ba a yi mani rufa-rufa. Ko ɗaya.

Sai ga shi ya shigo da ƙwallon a hammata. Ya ga abin da ke hannuna.

"Bar ta ta ƙosa, Kaka," in ji shi. "Ƙwallo ba cinsa ake yi ba."

"Wa ya tambaye ka?"

"Na ga kina lissafi ne."

"Baɗi kana makarantar nan?"

Ya ce a'a.

"To baɗi akwai damina in Allah ya kai mu. Je ka kira mani malaminku, kuma ka ce ya zo da ƙafarsa, ba aike ba."

Da malam ya zo na faɗa masa za a cire gyaɗa, amma ba lebura zai cire ba. Gayya za a yi, kuma 'yan wasansa ne 'yan gayyar. Na ƙara da cewa ranar wasa ni zan zauna a bakin ƙofa da sabulu, duk wanda na ce ya koma to ya koma, ko ɗan waye. Kowane yaro kuma ya zo da gorar ruwansa. Ya ce sai ya tambayi kwamiti. Na ce ya tambaya, gyaɗa ba ta sauri. Kafin azahar ya dawo ya ce an yarda, har za a rubuta ni cikin ma'aikata.

Ranar gayya na dafa dambu tukunya biyu, maƙwabta suka kawo fura. Malam ya fara bayanin tazarar da likitoci suka ce a bari, yana auna ƙasa da taku, yara suna kallonsa. Na ce ya huta. Kowa ya kama kunya ɗaya ya bar ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa, shi ke nan an yi tazara. 'Ya'yan manoma ne yawancinsu, daga Dandume, daga Dayi, daga ƙauyukan nan namu, hannunsu ya san aikin. Mai tsaron ragarsu ne kawai ɗan birni. Shi sai ya riƙa fizgar ganye yana barin 'ya'yan a ƙasa, har ya tara harawa dami guda yana murna ya riga kowa. Suka sa masa waƙa, suka ce wanda bai iya kama gyaɗar da ke tsaye wuri ɗaya ba, ina zai kama ƙwallo. Na sa shi ya koma farkon kunya da fartanya, ya tono abin da ya bari ɗaya bayan ɗaya. Bai yi fushi ba, yaron kirki ne, hannu ne dai babu.

Gyaɗar da ba ta ƙosa ba ba ta ajiyuwa, ba ta mai, ba ta ƙuli. Dafawa kawai take so. Kwana huɗu unguwarmu ba gidan da ba a dafa ɗanyar gyaɗa da gishiri ba, har masu babur a bakin titi sun samu. Ban taɓa cin mai zaƙinta ba, ko don ta sadaka ce. Awakina kuwa sun yi salla da harawa.

Sauran kwanakin yara suka baje kunya da fartanya, aka ɗaura wa shanu gungumen icce suka yi ta ja a kai. Farar ƙasar zana layi ta yanke a sito, na bi gida-gida na tara tokar murhu aka tankaɗe, ita aka zuba. Alhajin kwamiti ya dawo rana ta goma, ya zagaya, ya ce fili ya yi. A ido ya yi. Ni dai da na taka na ji kunyar tana nan kwance a ƙarƙashi, kaɗan-kaɗan, kamar haƙarƙarin saniya mai ƙiba.

Wasan farko bayan la'asar aka yi, da wata kwaleji daga wajen Malumfashi. Na zauna a kan kujerata 'yar tsugunno, ga bokiti mai famfo, ga sabulu. Akwai wani ma'aikacin asibiti da ke ɗora wa mutane wata na'ura a goshi, ni kuma ina kallon ido da hanci, ina sauraron numfashi. Alƙalin wasa ya zo zai wuce yana cewa ya wanke a gida, na ce gida daban nan daban. Alhajin ma sai da ya naɗe hannun babbar riga. Sannan wani dogo daga cikin namu, wanda suka fi ji da shi wajen cin raga, ya yi tari sau biyu yana ɓoyewa a gwiwar hannu. Na'ura ta ce lafiyarsa lau. Na ce ya koma. Malam ya durƙusa yana cewa ƙurar gayya ce, Hajiya, a taimaka. Na ce mai yiwuwa, amma ya koma, ko in aika Maska a dawo da garma. Ya koma. Daga baya ta tabbata mura ce, bayan sati biyu ya dawo wasa, har yau in ya gan ni sai ya yi tarin ƙarya.

Aka kulle ƙofa. Jama'a suka hau mangwarorin da ke bayan katanga kamar jemagu. A cikin fili kuwa, in ka cire ma'aikata, ni kaɗai ce 'yar kallo, ni da ban san dokar wasan ba. Amma na san ƙasa. Na lura duk sanda aka buga ƙwallo kudu ko arewa sai ta riƙa tsalle tana kauce wa ƙafa, namu da baƙi duk suna ta dukan iska. In kuwa ta bi gabas ko yamma sai ta miƙe sumul. Aka tafi hutu ba wanda ya ci.

Na yafito jikana da hannu, ya zo ya tsaya nesa kaɗan yana haki.

"Kai, angon banza. Wa ya shuka gonar nan?"

"Ni da ke."

"Ina kunya ta dosa?"

Ya waiga ya dubi filin, ya sake dubana. Na ce ya daina tsallaka kunya, ya bi kwarin da ke tsakaninsu, kuma kada ya ɗaga ƙwallo sama. Ya ruga wajen 'yan'uwansa, na ga sun haɗa kai, na daka masu tsawa su ja baya da juna.

Da aka dawo, can wajen ƙarshe, ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya tura ta ƙasa-ƙasa, ta bi kwari kamar ruwan sama, wani ɗan Dayi ya tare ya mayar masa, ya sake tura ta miƙe. Mai tsaron ragar baƙi ya faɗi dama, ita ta wuce ta hagu. Mangwarori suka kaure, har reshe ɗaya ya karye, Allah ya tsare ba wanda ya ji ciwo. An hana runguma, sai yaran suka tsaya suna buga ƙafa da ƙafa kamar zakaru. Shi kuwa ya taho a guje har inda nake, ya tsaya taku biyu, ya durƙusa kamar mai gaisuwar safe. Mutanen unguwa suna cewa wai an ji guɗa daga bakin ƙofa. Da takunkumi a fuskata, ban san yadda aka yi suka gane mai ita ba.

Ba su ɗauki kofi ba, a wasa na huɗu aka fitar da su, a filin wasu inda ba kunya. Amma jikana ya buga duka huɗun da rigar da na wanke, shi ke gaba in za su shiga, kuma a cikin yaranmu ba wanda ya kwanta. Yanzu yana koyarwa a wata firamare wajen Dandume, shi ke fitar da yara wasa. An ce kafin su taɓa ƙwallo sai sun yi layi a bakin bokiti.

Da damina ta zagayo, gyauro ya fito a bayan ragar gabas, daidai kunyar da ɗan birnin nan ya yi, gindi bakwai. Malam ya sa aka kewaye su da ƙaya, 'yan wasa suna zagaye su. Waɗannan kam na bar su sai da suka ƙosa.