Shimfiɗar da Daeng Puji Ta Zaɓa

Duk wanda ya tashi a lungunmu na bayan kasuwa a Makassar ya san Daeng Puji. Shekara ashirin da biyu ta yi tana sayar da zannuwan siliki a rumfar da ta gada wurin uwarta, har ta kai ko idonta a rufe ka ɗora mata yadi a hannu za ta faɗa maka garin da aka saƙa shi, ta ƙara maka da ƙaryar da dillali ya shirga maka. Mijinta kuwa shagon kwamfuta ya buɗe a ƙasan gidansu, inda matasa ke zama su buga wasa. Da Allah ya yi masa rasuwa kowa ya ɗauka za ta sayar da kwamfutocin nan goma sha biyu ta huta. Ina! Rumfar ta rufe, ta dawo ta zauna a kujerarsa.

Ba da niyyar wasa ta fara ba. Kowace safiya takan kunna su ɗaya bayan ɗaya don ta ga lafiyarsu, kuma ba ka sanin lafiyar linzamin kwamfuta sai ka juya shi. Sai ta shiga wasan harbin nan da ake bugawa biyar da biyar, ta ɗan taɓa minti biyar ta fita. Minti biyar ya zama awa guda. Yatsun da suka saba tsintar zare ɗaya da ya kauce a cikin dubu, ashe ba su da wasa wajen saiti. Ranar da Sapri, ɗan wanta mai sana'ar acaɓa, ya tsaya a bayanta da kofi a hannu ya ga yadda take ɗauke mutane daga nesa, bai iya kurɓar kofin ba har ya huce. A ranar ya sa ta a ƙungiyarsa, ta yi shekara uku a ciki ba wanda ya isa ya yi maganar gurbinta.

Sai daminar bana, tana da shekara hamsin da huɗu, saura mako biyu gasar shagunan birni. Harbinta ya fara kaucewa. Sapri ya same ta bayan Azahar tana goge tebura, ya yi ta sosa ƙeya kafin ya buɗe baki.

"Goggo, ba raini ba ne. Amma yara suna magana. Akwai Wandi na shagon bakin gada, hannunsa da zafi."

"Nawa kuma ya huce ke nan?"

"Ni ban ce ba. Shekaru ne, Goggo, kowa zai je."

"To kai ka riga ni zuwa, da wannan tumbin naka. Ranar Asabar bayan La'asar ka kawo min Wandin. Ni da shi, wanda ya fara kayar da ɗan'uwansa sau goma, gurbin nasa ne."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, don tun rasuwar mijinta ba ta da inda take jin ita wata ce kamar cikin mutum biyar ɗin nan. Amma Daeng Puji ba mai zama ta yi tagumi ba ce. Ta fara lura. Da safe harbinta daidai, da yamma in ruwa ya sauko sai linzamin ya riƙa nauyi kamar ana jan takalmi a taɓo. Ta shafa shimfiɗar da linzamin ke yawo a kai, wadda tun mijinta na raye take nan, ta ji ta da ɗan sanyi. Tsaki ta ja. Yadi ne fa, kuma yadi yana shan laima. Ita da ta shekara ashirin tana faɗa wa amare haka.

Nan kuma ta tafka wautar da sai mai zannuwa za ta yi. Yadin da ya sha laima ai guga ake yi masa. Ta jona dutsen guga ta danna, ta manta ƙasan abin roba ne. Wari ya cika shagon, shimfiɗar ta nannaɗe kamar busasshen kifi. Garin gyaran gira an rasa ido, ga Asabar saura kwana huɗu.

Washegari ta ɗauki lema da gorar ruwa da linzaminta a jaka, ta nufi shagon Ko Liong, wani ɗan dattijo mai kayan kwamfuta a bene na biyu na babbar kasuwa. Tana faɗa masa abin da ta zo nema ya ciro mata wata shimfiɗa mai hoton dodo, gefenta har da fitilu.

"Wannan jikokinki za su yi hauka a kanta, Daeng."

"Ba ni da jika, Ko. Ni zan hau. Kuma dodo ba ya harbi. Sauko min da duk abin da kake da shi, ka fitar da su daga kwali."

Ya yi gunaguni, amma ya sauko da guda tara. Ta yi musu abin da take yi wa siliki. Ta ɗaga kowace ta duba saƙar a hasken taga. Ta shafa da bayan hannu a tsaye, ta shafa a kwance, wadda santsinta ya bambanta ta ture ta gefe. Ta huro musu numfashi. Daga nan ta buɗe gora.

"Kai, Daeng, kayan sayarwa ne fa."

"Ɗigo ɗaya ne. Wadda ta ji tsoron ɗigo ɗaya, me za ta yi da daminar garin nan?"

Yawancinsu suka shanye ruwan nan take. Biyu suka bar shi a sama yana gangarawa. Ɗaya baƙa ce mai sheƙi, santsi kamar faranti. Ɗayar ruwan toka, mummuna, mai ɗan kaushi. Ko Liong ya ba ta aron kwamfutarsa, ta jona linzaminta ta ɗora a kan baƙar. Wayyo daɗi. Linzami ya riƙa tafiya kamar yana jin tunaninta. Sai ta kai ɗan tsinin kibiyar da ke allon kwamfutar kan wani ƙaramin harafi ta ce bari ta tsayar da shi cak. Ya ƙi tsayawa. Rawa yake yi, 'yar kaɗan, hagu da dama. Ta cije leɓe ta sake gwadawa, haka. Ba laima a nan, ba tsohuwar shimfiɗa, ba wanda za ta ɗora wa laifi. Hannunta ne.

Ta saki linzamin. Ashe ɗan banzan yaron nan da gaskiyarsa, ko da rabi ce. Da ta ga dama sai ta sayi baƙar ta koma gida tana zagin damina. Maimakon haka ta jawo mai ruwan tokar ta ɗora linzamin. Kaushin ya riƙe shi. Ba ya gudu kamar ɗazu, sai ta ɗan tura da dantse, amma inda ta ce tsaya, nan yake tsayawa.

"Wannan ba mai sonta," in ji Ko Liong. "Matasa sun ce tana da nawa."

"Ai ba matashiya ce za ta hau ba. Naɗe min."

Kwana uku ta yi tana koyon harbi da dantse maimakon wuyan hannu, kafaɗarta har ciwo take, tana shafa man zafi tana komawa. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ranar Asabar ruwa ya ɓarke tun kafin La'asar, shagon ya cika, har mai gasa ayaba ta bar murhunta ta leƙo. Wandi ya gaishe ta da ladabi, sannan ya kayar da ita sau uku a jere ba ladabi. Ta gyara zama. Ta daina binsa da gudu, ta riƙa zaɓar lungu tana jira, shi kuma jini na ɗibarsa yana faɗowa inda saitinta ke tsaye. Aka tashi tana da goma, yana da bakwai.

Sapri ya zo ya durƙusa gefen kujerarta, kunya ta ishe shi.

"Ashe shimfiɗa ce, Goggo. Ki yafe ni."

Ta dube shi. Sai ta ɗaga hannunta na dama daidai fuskarsa, ta baza yatsun. A gaban kowa suka riƙa 'yar rawarsu.

"Duba da kyau. Ba ka yi ƙarya ba, ɗan nan. Tsohuwa ce ta je kasuwa ta sayo sanda." Ta mayar da hannun kan linzami, rawar ta tsaya. "Ranar da sandar ta kasa, ni zan fara faɗa maka, ba sai ka zo kana sosa ƙeya ba. Amma ba yau ba ce. Je ka rubuta sunana a gasar."