Ranar da muka ɗauki kofi na ƙi mahaifina

A wancan lokaci ni saurayi ne, ɗan manomin auduga a wani ƙauyen Hausawa daura da garin Rufa'a a ƙasar Sudan. Karatuna bai wuce allo da aji huɗu ba, amma Allah ya ba ni ƙafar hagu. Wani mai horar da 'yan ƙwallo ya gan ni ina wasa a filin bayan gari, ya kai ni wata ƙungiya a birnin Madani. Na same ta a rukuni na biyu, ko ɗakin ajiye riguna ba ta da shi. Cikin 'yan shekaru muka hau rukuni na ɗaya, aka gina mana mazaunin 'yan kallo, har aka fara faɗin sunanmu a rediyo.

Abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba shi ne, a can na ɓoye cewa ni Bahaushe ne. Tun makon farko na ji abokan wasana suna yi wa masu tsinkar auduga dariya, suna kwaikwayon Larabcinsu, suna ce musu Fallata, sunan da ake kiran irinmu da shi a can. Na taya su dariya. Da aka tambayi asalina na ce mu Larabawan arewacin ƙasar ne. Larabcina ba gargada, ba wanda ya musa.

Ranar wasan ƙarshe na kofin lardi, Baba, wanda bai taɓa son ƙwallo ba, ya bar wa maƙwabci ban ruwan gonarsa, ya hau bayan lori ya zo ban sani ba. Ni na ci ƙwallon da ta ba mu kofin. Ana sauke ni daga kafaɗun mutane sai ga shi ya kutso, rawaninsa ya warware, yana kirana da sunan gida, yana sa mini albarka da Hausa da ƙarfi. Mai tsaron ragarmu, wanda ya fi kowa tsokana, ya tambaye ni ina na samo wannan Bafallace. Na ce wani tsoho ne da ke yi mana aikin gona. Da Larabci na faɗa, Baba kuwa yana jin Larabci sarai. Ya miƙa wa mai tsaron ragar hannu ya yi masa barka, ya ce lallai iyayen wannan yaro sun yi sa'a, ya juya ya tafi.

Bai taɓa tayar da maganar ba, ko Inna bai gaya wa ba. Amma daga ranar, duk na zo gida da Larabci yake gaishe ni, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ina ta cewa gobe zan durƙusa in roƙe shi, har zazzaɓi ya ɗauke shi a kaka ta uku.

Da tsufana ƙungiyar ta tara tsofaffin 'yan wasanta don tuna tarihinta. Nan na samu ƙarfin halin gaya wa mai tsaron ragar gaskiya. Ya ce ai tun ranar kowa ya gane, don fuskarmu ɗaya da tsohon, kuma ba wanda ya damu.

Ku matasa da kuke shiga gari neman suna, dariyar abokai ba ta wuce kwana biyu. In kun riga kun yi irin nawa kuma tsohon yana raye, kada ku jira gobe. Ni yanzu sai dai in tsaya a bakin kabari in yi masa Hausa.