Kwamiti Ya Gamsu

Shekara bakwai na yi ina rubuta bayanan zaman kwamitin bincike a wani kamfani mai gidajen saukar alhazai a unguwar Misfala ta Makka da motocin jigilarsu. Ba ni da ƙuri'a. Nawa in shirya takardu, in zauna a ƙarshen tebur, in rubuta abin da manya suka faɗa. Iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, a hannun kamfanin take, kuma ta matata da ta 'ya'yana uku a jikin tawa suke rataye. Duk shekara kamfani ke sabuntawa. Ranar da bai sabunta ba, sai mu kulle ɗakunanmu biyu na unguwar Ka'akiyya mu nufi filin jirgi.

Aikin kwamitin shi ne sa ido kan ofishin odita na waje, waɗanda ke zuwa su duba harkokin kamfani su sa hannu cewa abin da aka faɗa wa masu hannun jari gaskiya ne. Mutum uku ne a kwamitin, amma biyu gyaɗa kai kawai suke zuwa yi. Shugaban dattijo ne haifaffen Makka, kakansa ya taso daga Sakkwato a ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin kirki ne, har asibiti ya zo dubiya lokacin da 'yata ta karye a hannu. Sai dai shi zaman kwamiti da zaman majalisar bayan La'asar duk ɗaya ne a wurinsa. Babban oditan kuwa ɗan maƙwabcinsa ne a unguwar Shisha, a gabansa ya girma, Ammi yake ce masa, wato Baffa.

Wata shekara muka ji cewa hukumar da ke sa ido kan ofisoshin odita ta aiko masu dubawa daga Riyad, sun yi kwanaki a ofishin oditan namu suna buɗe fayil-fayil. Irin wannan rahoto ba a liƙa shi a bango. In kwamiti bai nema ba, ba wanda zai kawo masa.

A zaman da ya biyo baya, bayan an zagaya da gahawa da dabino, Shugaba ya dubi oditan ya ce, "Mun ji kun yi baƙi daga Riyad. An rabu lafiya?"

"Alhamdu lillahi, ya Ammi. Kullu tamam, komai daidai."

"To madalla." Ya juyo gare ni. "Rubuta, ya waladi." Wato ɗana.

Na riƙe alƙalami ina tunanin me zan rubuta. Ai gaisuwa aka yi. Mutumin da ka tambaya lafiya, ko daga gadon asibiti lafiya lau zai ce maka. Abin ya tsaya mini a rai, don a Kano na koyi wannan aiki, na kuma san yadda takardar masu dubawa take. Ba su tasowa daga nesa don su ce komai daidai.

Bayan kwana biyu na sami Shugaba a ofishinsa. Na ce, "Baba, tambaya uku ce haƙƙin kwamiti. Fayil ɗinmu yana cikin waɗanda aka buɗe? Me aka samu, ko a namu ko a na wasu? Me suka gyara tun daga nan, kuma wa ya tabbatar sun gyara?" Ya ce ai yaron ya riga ya amsa. Na ce masu hannun jari za su fi son amsa a rubuce. Ya sa hannu a wasiƙar da na shirya ba tare da ya karanta ba, kamar yadda ya saba. Na fita ina jin kaina kamar wani gwarzo.

Oditan ya zo zama na gaba da shafi biyu, fuska a murtuke. Bai miƙa wa kowa ba, shi ya karanta da kansa, da sauri, kamar mai karanta sharuɗɗan haya. Duk da haka na ji abin da nake son ji. Masu dubawa sun ɗauki wasu fayiloli, namu na ciki. Sun ce ma'aikatan ofishin ba sa zuwa su ga kaya da idonsu, jerin da kamfani ya aiko musu kawai suke karɓa su sa hannu. Sun kuma ce babu wani babba na biyu da ke bin bayan aikin kafin a rufe fayil.

Shugaba ya ce, "Ya'ani, sun ce an yi sata?"

"A'a, ya Ammi. Abadan."

"Sun ce rahoton da kuka ba mu ƙarya ne?"

"Ko kaɗan."

"An ƙwace muku lasisi?"

"Ga shi nan a bango, ka zo ka gani."

Shugaba ya buɗe hannuwa, sauran biyun suka gyaɗa kai. A nan ne ya kamata in haɗiye maganata, amma ni bakina ba ya da linzami in na ga ana shirin binne abu da rai. Na ce, "Baba, a gafarce ni. Ba su ce an yi sata ba. Cewa suka yi mai gadi bai zagaya gida ba, don haka ba wanda zai iya rantsuwa ko an yi ko ba a yi ba. Shekara biyar ban taɓa ganin ma'aikacinsu a garejin motocinmu ba. Ni nake aika musu jerin motocin. Da na ƙara goma da babu su, da hannu za su sa."

Oditan bai dube ni ba. Da Larabci ya tambayi Shugaba, a hankali, ko wannan mamba ne ko magatakarda. Na ga fuskar dattijon ta canza, ba don abin da na faɗa ya tsorata shi ba. Kunya ce ta kama shi, an titsiye baƙonsa a gaban idonsa, baƙon ma ɗan maƙwabci.

Ya ce, "Aib, abin kunya ne. Wanda ya sha gahawarka ba ka yi masa haka." Ya rufe zaman.

Washegari ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Shayi ya zuba mini da hannunsa. Ya ce uban yaron nan shi ya ɗauki makarar mahaifinsa shi Shugaban, da wane ido zai dube shi a masallacin unguwa? Ya ce yaron ya yi alkawarin gyarawa, kuma maganar ɗan mutunci ta fi takarda. Na ce to a rubuta alkawarin, a sa masa lokaci, a ce kwamiti zai sake tambaya. Ya juya cokali a shayinsa. Sai ya ce, "Iƙamarka saura wata biyu, ko? Na ji manaja yana cewa za a rage ma'aikatan waje bana. Ni dai zan yi maka magana, in sha Allahu. Ka kawo mini bayanan zaman in sa hannu."

Har yau ban sani ba ko barazana ce ko tausayi. Ina jin shi kansa bai sani ba.

Na faɗa wa matata komai a kan abincin rana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, motocin nan an sace su?" Na ce ba haka maganar take ba. Ta ce, "To babbar 'yarka saura shekara ɗaya ta gama makaranta. Ka je ka yi mata bayanin yadda maganar take." Na ji haushinta ƙwarai.

Kwana uku takardar tana gabana. Na rubuta abin da ya faru, na yaga. Na rubuta rabinsa, na yaga. Daga ƙarshe na zauna na ƙera jimla ɗaya, na goge ta har ta yi sumul: kwamiti ya nemi sakamakon dubawar hukuma, ya saurari bayanin ofishin odita dalla-dalla, ya tattauna, ya kuma gamsu. Babu kalmar da za a kama a ce ƙarya ce. An nema, an saurara, an tattauna, kuma wallahi sun gamsu. Wannan ne ya fi ci mini rai, don na san sana'ata na yi amfani da ita.

Shugaba ya sa hannu, wannan karon ya karanta. Aka sake naɗa ofishin a taron masu hannun jari ba tare da ko tari ba. Iƙamata ta fito cikin mako biyu. 'Yata ta gama makaranta, na je bikin, na yi murna ta gaskiya.

Da shekara ta zagayo, oditan ya tsaya kusa da kujerata bayan an tashi daga zama, karo na farko da ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce jimlar nan tawa ta bara ta yi kyau matuƙa, akwai wasu kwamitoci biyu da ke neman yadda za su rubuta irin wannan batu, ko zan aiko masa da ita. Na buɗe baki, na tuna watan da muke ciki da watan da iƙamata za ta ƙare. Na ce, "Hadir," wato an gama.

Kafin Azahar na aika masa.