Shanyar Malam Sidi

Ku mutanen layinmu na Levenshulme, duk wanda ya zauna nan a shekarun da council, hukumar gari, take ta rufe wurare ya san igiyar shanyar Malam Sidi. Kowa kaya yake shanyawa, shi takardu. Da hantsi zai fito filin da ke bayan gidansa cikin tsohon kwat ɗinsa, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, yana maƙale kowace kamar rigar jariri. Sunansa Isidoro, mutumin Sifaniya, ni na mayar da shi Sidi, ya kuma amsa. Ni ban yi boko ba. Surukata Hadiza ce take rubuta wannan, ni ina faɗa.

Renon jikoki ya kawo ni Manchester, gidan ɗana Usman likita. Shingen katako ne kawai tsakaninmu da tsohon. Turancinsa gurgu, nawa ya fi nasa gurguntaka, amma mun fahimci juna. Wata rana iska ta jefo takarda guda cikin gidanmu. Na ɗauka, sai na ji ta sharkaf, da sanyi, tana warin taɓon kogi. Kwana biyar ke nan ba a yi ruwa ba.

Na ce, "Malam, wanke su kake yi?"

Ya ce, "A jiƙe suke zuwa, Hajiya. Garinmu yana ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta yi dam ina saurayi, ta kwashe mu. Duk abin da na rubuta a kansa, haka yake kwana."

Na gaya wa Usman, ya yi dariya ya ce, "Mama, damp ne, danshin bango kawai, duk gidajen layin nan haka suke." Ban yi musu ba. Amma Malam Sidi bai taɓa sayen takarda ba, a bayan wasiƙun council yake rubutu. Waɗanda bai taɓa ba suna cikin aljihun tebur guda da waɗanda ya rubuta, su kuwa a bushe ƙayau. Yakan ce, "Council ba ta taɓa aiko mini da labari mai daɗi ba, amma takardarta tana da kyau."

A ƙasarsu, an ce, sananne ne. Koyar da yarensu ya kawo shi jami'a a Oxford Road, ya tsufa bai koma ba. Littattafan labari bakwai ya wallafa, kowanne unguwa guda ce ta garin nan da ruwa ya cinye, gida gida, da masu gidan da karnukansu. Har lambar yabo suka ba shi, wani dunƙulen tagulla mai nauyi. Da shi yake tokare ƙofar kicin. Na ce, "Wannan ba wulakanci ba ne?" Ya ce, "Shekara talatin yana aiki kullum. Waɗanda suka ba ni shi ba su yi haka ba."

Ba ya kunna hitar ɗumama gida, saboda tsada. A laburaren unguwa yake yini saboda ɗumi. Da aka rufe shi, sai ya koma bas da katinsa na tsofaffi, ya je cikin gari ya dawo, ya je ya dawo, yana rubutu a kan gwiwa. Da gwiwar ta gaza, sai ga shi a kicin ɗinmu bayan azahar, da ganyen shayinsa guda wanda ya riga ya sha ruwa sau uku.

A nan aikinmu ya fara. Zai karanta mini da yarensu, ni ko kalma ban sani ba. Amma na yi shekara arba'in ina yi wa yara tatsuniya, na san muryar mutum in ya kauce hanya, takan yi siriri. Da na ji haka sai in ce, "Nan ka yi ƙarya." Ya dube ni, ya dubi takardar, ya yaga. Wata rana ya ce, "Masanan Madrid duk sun zage ni, ban taɓa canza layi ɗaya ba. Ke ba ki iya karatu ba, kin cinye mini rabin littafi."

Littafi na takwas shi ne na ƙarshe, saura gida ɗaya a garin, gidan uwarsa. Ta rasu kafin ruwan ya zo. Da aka ce kowa ya zo ya tone nasa a mayar sabuwar maƙabarta, shi yana birni yana neman suna, bai je ba. Tana can har yanzu. Likitansa ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, ya kuwa sani in bai rubuta gidan nan ba, ba mai rubuta shi. Sau tara ya kawo mini babin, sau tara na ce ƙarya. Ya buga tebur ya ce, "Hajiya, ki bar ni in mutu mana." Na ce, "Ban hana ka ba, amma ba da wannan ba."

Na goman, ranar Talata ce, rana tana haske. Ya karanta a hankali, muryarsa ba ta yi siriri ba ko sau ɗaya. Ina kallo ruwa ya fara ɗiga daga gefen takardar, ɗis, ɗis, ya taru a kan tebur, ya gangaro ƙasa. Kicin ya ɗauki warin kogi. Da ya gama ya ajiye takardar, ya dube ni.

Ya ce, "Ba ki ce komai ba."

Na ce, "Babu abin cewa. Me ka gaya mata?"

Ya ce, "Na ce mata na makara, amma ga ni."

Bayan mako guda aka same shi a kujerarsa da rana, ya cika. Usman ne ya fara shiga. Da ya dawo ya ce, "Mama, safarsa a jiƙe take har idon sawu." Bai ce damp ba.

Masu kwashe kayan gida suka zo da babban akwatin shara. Na ga jakar takardun a hannun ɗaya, na tare ƙofa da hijabina. Ya ce shara ce, ta ma ruɓe. Na ce, "No," na ƙara cewa, "No." Turancina ke nan, ya kuma isa.

Yana da 'yar ƙanwa, Pilar, nas ce a Birmingham. Hadiza ta kai ni unguwarsu, Balsall Heath, a jirgin ƙasa, jakar tana kan cinyata, zanena ya jiƙe har wata mata ta canza kujera. Pilar ta zaro takarda ta ƙarshe, ta karanta a fili tana kuka. Da ta miƙo mini ita, na shafa, na sake shafawa. A bushe. Na zura hannu cikin jakar, duk a bushe, har suna ƙara kamar ganyen masara.

An buga littafin a ƙasarsu, Pilar ta aiko mini guda. Ta ce sunana yana shafin farko. Ban iya ganewa ba, amma nakan taɓa shi in ji ko ya yi sanyi. Bai taɓa yi ba.

Malam Sidi ba addininmu ɗaya ba, tsakaninsa da Mahaliccinsa ba ni da ta cewa. Maƙwabci ne dai na kirki. Allah Mai rahama, Ka dubi tsohon nan da tausayi, Ka sa ya iske uwarsa, su zauna a wuri busasshe.