Gargaɗin Kwamfutar da Ya Kori Malami Daga Garinmu

A lokacin ina da shagon buga takardu kusa da kasuwar Birnin Gwari, ina jin babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta, alhali wata uku kacal na yi ina koyo a Kaduna. Akwai wani malamin firamare da ya gudo daga ƙauyen Damari da iyalinsa saboda 'yan bindiga, yakan zauna a bencina da rana, har na haɗa masa wayarsa da intanet ɗin shagon.

Wata rana kwamfutata ta fara fito da gargaɗi, wai wata na'ura daga cikin shagon tana neman shiga ta wata ƙofa mai lamba. Gabana ya faɗi, domin a cikin kwamfutar akwai sunayen manoman da na buga wa ƙungiyar taki, da lambobin wayarsu. Na duba, ba kowa sai malam yana latsa waya. Ban tambaye shi ba, ban tambayi masani ba. Na je wurin mai shayi na ce ina zargin malam yana kwasar sunayen mutane yana tura wa 'yan bindigar cikin daji. A garinmu kowa ya san nauyin kalmar infoma, wato mai kai musu bayani. Kafin sati aka daina amsa sallamarsa, 'yan sa-kai suka tsare shi da tambayoyi, mai gidan haya ya ce ya tashi. Ya zo ya rantse mini bai ma san menene ƙofar kwamfuta ba, ya roƙe ni in dubi yaransa. Na ce haka duk suke faɗa.

Ya kwashe iyalinsa ya bar gari, gargaɗin bai daina fitowa ba. Da wani injiniya ya zo gyara, cikin minti biyu ya nuna mini cewa sabuwar firintata, wato na'urar buga takardu, ce ke neman kwamfutar, kamar yadda aka yi ta ta yi. Yana ta dariya.

Na koma wurin mai shayin na wanke malam, amma kunya da nadama ba su sake ni ba. Na nemi lambar malam, a kashe. Jama'a, in na'ura ta nuna muku abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba, ku nemi mai sani kafin ku ambaci sunan mutum. Har yau ban san garin da ya kai yaransa ba, balle in nemi gafararsa.