Na Shigo Ƙasar Ubana da Takardar Mamaci

Lokacin da abin nan ya faru, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, tela a zangon Kumasi, mai rawar kai da gaggawa. Can aka haife ni. Mahaifina mutumin Kebbe ne, fataucin goro ya kai shi Kumasi har ya zauna ya auri mahaifiyata. Kafin ya bar gida ya rabu da matarsa ta fari, ya ɗauke ɗansu yana ɗan shekara huɗu ya tafi da shi. Wannan shi ne yayana, wanda ya koya mini ɗinki. Malam Edita, yau na tsufa, kuma ina so masu karatu su ji abin da na yi, ko wani ya tsira daga irinsa.

Ranar da aka ba Nijeriya mulkin kai, a shagonmu mutanen zango suka taru suna sauraron rediyo. Muka yi ta tafi, tsofaffi na hawaye, kowa na cewa lokacin zuwa ganin gida ya yi. Mahaifinmu ya riga ya rasu, amma yayana ya ɗauki maganar da gaske. Ya yi ta zirga-zirga har ya samu takardar tafiya mai hotonsa, ya ce zai je ya ga mahaifiyarsa. Bai samu zuwa ba. Ciwon ƙirji ya kama shi, cikin mako biyu Allah ya karɓi abinsa. Na hana a rubuta wasiƙa Kebbe, na ce irin wannan labari da baki ake kai shi, kuma ni zan kai.

Da na tashi neman tawa takardar, sai masu iyayi suka ce zan yi watanni ina jira, kuma tun da a Gana aka haife ni, baƙo za a ɗauke ni a kan iyaka, watakila ma a maido ni. Ga kuma motar goro za ta tashi nan da kwana uku. Na buɗe akwatin yayana na ɗauko takardarsa. An rubuta a ciki cewa a Kebbe aka haife shi. Na dubi hoton, na dubi madubi: goshi ɗaya, hanci ɗaya. Na ce a raina aro ne kawai, da na tsallaka zan koma sunana. Mahaifiyata ma ƙarya na yi mata, na ce tawa ta fito.

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiya ba. Muna bisa huhunan goro, ina rungume da kan keken ɗinkina, muka ratsa ƙasashen Faransa muna waƙa da raha, ina ta tambayar direba ko mun kusa har ya gaji da ni. Da hantsin rana ta shida muka hango tutar kore da fari a kan wani dogon gora, ga sanda a gicciye bisa hanya. Sai da aka riƙe mini riga, don na miƙe tsaye mota na tafiya. Aka jera mu a gaban wata rumfa, ma'aikaci mai kakin soja na zaune da babban littafi. Ya karɓi takardar, ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce na rame. Na ce hanya ce. Ya tambayi inda za ni, da na ce Kebbe sai ya yi murmushi ya ce, “Ashe ɗan gida na. Barka da dawowa.” Ya buga hatimi, ya ba ni wata 'yar takarda ya ce in nuna ta ofishin hakimi idan na kai Tambuwal. Na fito ina ji kamar in yi tsalle. Na durƙusa na taɓa ƙasa da tafin hannu, abokan tafiya na yi mini dariya.

A Tambuwal abin ya fara fin ƙarfina. Na iso ranar kasuwa, kaka ta yi, ko'ina damman gero. Na tafi ofishin hakimi na miƙa takardar, magatakarda ya karanta sunan yayana da na mahaifinmu da ƙarfi yana rubutawa. Wani dattijo da ke zaune bakin ƙofa ya miƙe zumbur, ya ce a maimaita. Ashe mutumin Kebbe ne, tare suka yi wasan ƙasa da mahaifina. Ya kama hannuna da hannu biyu yana kabbara, ya ce uwata na nan da rai, shekara ashirin da shida tana tambayar duk wani falke. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ɗan doka a tsaye, ga magatakarda da alƙalami a hannu. Sai na amsa sunan yayana. Na kwana biyu kafin in sami abokan tafiya, labari kuwa ya riga ni da 'yan kasuwa.

A Kebbe, tun daga bayan gari aka tarye ni. Baffana, ƙanen mahaifina, ya rungume ni yana kuka. Mata na guɗa, aka karɓe mini kaya, aka yanka rago, makaɗa suka zo da kansu. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ni da na tashi ana ce mini ɗan zango, yau ga gari guda na nuna mini gonar kakana da rijiyar da ubana ya haƙa. Kowane gida sai an ja ni an ba ni fura. Na kafa kekena a zauren Baffa, mutane suka cika suna kallon ɗinkin Kumasi. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, gobe ta zo da wani sabon shagali.

Ita kuwa mahaifiyar yayana, da yake shi ne ɗanta na fari, kunya ta hana ta zama kusa da ni. Ba ta faɗin sunan, ba ta duban fuskata. Na je gaishe ta, ta amsa tana bayan ƙofa. Amma kullum akushi na zuwa daga gidanta, tuwo da miyar da aka ce yayana na so yana ƙarami, kuma nakan hango ta tana leƙen zauren idan ta zo wucewa. Maƙwabta suka ce tun da na zo ta daina dogara sanda.

Ranar kwana na tara, da safe, ta aiko in zo. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna nesa kaɗan, kanta a ƙasa. Ta ce ranar da aka ɗauke ɗanta yana kuka yana riƙe da zanenta, ita ta ɓamɓare hannunsa da kanta don kada a ce ta yi rashin kunya, kuma ba ta ƙara samun natsuwa ba. Ta ce abu guda take roƙo kafin ta mutu, in ce na yafe mata. Na ci tuwonsa, na amsa sunansa, amma wannan ba nawa ba ne da zan bayar. Na ce, “Inna, ba ni ba ne. Ni ƙanensa ne. Allah ya yi masa rasuwa bara.”

Ba ta yi kuka nan take ba. A karo na farko ta ɗago ta dube ni sosai, ta daɗe tana dubana. Ta tambayi ciwon da ya yi, da wanda ya yi masa wanka, da ko an samu jama'a. Na amsa duka. Na gaya mata gaskiya, cewa takardar nan don ita ya yi ta, kuma har ya sayi turmin atamfar da zai kawo mata. Sai ta ce, “Da ka faɗi tun ranar da kaz zo, da na yi kukana sau guda.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Aka naɗe tabarmin murna aka shimfiɗa na gaisuwa. Baffa bai yi mini magana ba sai bayan sadakar uku, ya sa ni gaba har Tambuwal. Magatakarda ya yi faɗa ƙwarai, ya haɗa mu da wasiƙa zuwa kan iyaka. Ma'aikacin nan ya gane ni. Ya karɓe takardar, aka tsare ni kwana biyu, sai da Baffa ya tsaya mini ya shaida ni ɗan wansa ne. Da zai sallame ni ya ce da na zo da sunana na ce ubana ɗan Kebbe ne, bincike kaɗan za a yi a bar ni in wuce, don ɗan ƙasa ne ni ta wajen uba. Abin da na yi wa ƙarya, ashe nawa ne tun asali.

Na zauna Tambuwal na ci gaba da ɗinki, nan na yi aure na tsufa. Inna ta yafe mini daga baya, har takan aiko wa 'ya'yana gyaɗa, amma ta koma ga sandarta, kuma ba ta ƙara ajiye ta ba. Abin da na koya shi ne, sunan da ke cikin takarda ba tawada ba ce kawai, akwai masu jiran mai shi. Don haka ina kira ga matasa masu ɗokin tafiya, ku yi haƙuri ku jira taku, ku tambayi ma'aikata da kanku maimakon masu iyayi. Idan kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa tun a ranar farko. Ni na jira kwana tara, kuma wata baiwar Allah ce ta ɗauki nauyin jinkirina.